Fara Darasi da Abin da Ɗalibi Ya Sani: Dabarar Malamin Gwaji Wajen Raya Darasin Hausa a Ƙaramar Sakandare

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ɗalibin da aka tura gwajin koyarwa zai iya gabatar da darasin Hausa mai jan hankali, wanda kuma ya shafi rayuwar ɗaliban ƙaramar sakandare. Maƙalar ta nuna cewa darasin Hausa a ƙasar Hausa yana da matsalar da ta keɓanta gare shi, domin ɗalibai suna shigowa aji da harshen a bakinsu, kuma da wuya su ga abin da malami zai ƙara musu idan ya buɗe darasi da rubuta ma'ana a kan allo. Don haka aka kawo shawarar a juya tsarin da aka saba, a fara da misalin da ya fito daga ɗalibai, a bi da su har su gano ƙa'ida da kansu. An jarraba dabarar a kan ƙa'idojin rubutu da karin sauti da karin magana da karin harshe, sannan aka duba abubuwan da za su iya yi mata tarnaƙi.

Fitilun Kalmomi: gwajin koyarwa, malamin gwaji, darasin Hausa, tsarin darasi, ƙaramar sakandare

1.0 Gabatarwa

Gwajin koyarwa shi ne zangon da ɗalibin kwalejin ilimi ko na tsangayar ilimi ta jami'a yake barin kujerar ɗalibta ya tsaya gaban allo, ƙarƙashin kulawar malamin ajin da aka tura shi da kuma malamin da kwalejinsa za ta aiko ya duba shi. Wannan ɗalibi shi ake nufi da malamin gwaji a cikin maƙalar. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a shekarar 1977 aka kuma sha yi mata kwaskwarima, ta sanya takardar shaidar malanta ta NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da mutum zai riƙe ya koyar a Nijeriya. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta wajabta gwajin koyarwa a kan duk mai neman wannan shaida.

Zangon gwajin gajere ne, amma tasirinsa yana da nisa. Dokar da aka sanya wa hannu a 2022 ta kai wa'adin aikin malami shekara 40, ko kuma shekara 65 da haihuwa. Ke nan ɗabi'ar da malamin gwaji ya kama a waɗannan makonni tana iya bin sa tsawon shekaru arba'in, ta ratsa ajujuwa masu ɗimbin yawa. Idan a nan ya saba da cika allo da rubutu ya ce a kwafa, da wuya ya sauya bayan ya kama aiki, lokacin da babu mai duba shi. Wannan ne ya sa ya kamata masu nazarin Hausa su damu da abin da ke faruwa a ajin malamin gwaji, domin daga wannan aji ne sassan Hausa na jami'o'i suke samun ɗaliban gobe, ko kuma su rasa su.

2.0 Abin da Malamin Gwaji Ya Gada

Malamin gwaji ba ya shiga aji da kai fanko. Masanin zamantakewa Dan Lortie ya nuna a 1975 cewa kafin ɗalibi a Amurka ya gama sakandare, ya shafe kimanin awa 13,000 yana kallon malamai suna aiki, kuma wannan kallo kan zama horo na farko ga wanda zai zama malami. Abin da ya gani shi yake komawa gare shi idan ya ruɗe. A makarantu da yawa, abin da ɗalibin Hausa ya gani shi ne malami ya rubuta kan darasi, ya rubuta ma'ana, ya jero rabe-rabe, ya kawo misali biyu ko uku, ya tambaya ko an gane, aji ya amsa baki ɗaya cewa an gane.

Kwalejoji suna ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar ƙaramar koyarwa, dabarar da aka fara a Jami'ar Stanford a 1963, inda ɗalibi yake koyar da abokan karatunsa na 'yan mintoci, a yi masa gyara, ya sake. Dabarar tana da amfani, sai dai abokan karatu sun riga sun san darasin, suna kuma amsa kowace tambaya domin su taimaki ɗan'uwansu. Ranar da malamin gwaji ya tsaya gaban yara 'yan shekara goma sha biyu, ya yi tambaya aka yi shiru, yakan ji ƙasa ta yi masa nisa, sai ya juya ga allo ya ci gaba da rubutu.

2.1 Matsalar da Ta Keɓanta ga Darasin Hausa

Malamin lissafi ko na kimiyya yana da wata fa'ida da malamin Hausa ba shi da ita, wato ɗalibansa sun yarda cewa akwai abin da ba su sani ba. Yaron da ya tashi a Kano ko Katsina ko Gusau kuwa, da Hausa ya yi sallama ya shigo aji, da ita zai yi ciniki idan an tashi. Idan aka rubuta masa ma'anar suna ko ta aikatau aka ce ya haddace, abin da zai fahimta shi ne darasin Hausa wasu laƙabobi ne da ake liƙa wa abin da ya riga ya iya, waɗanda ba su da amfani sai ranar jarrabawa. Daga nan raini yake farawa, kuma raini ya fi rashin fahimta wuyar magani.

Amma wannan matsala ita ce kuma babbar damar malamin. Kayan aikin darasinsa suna cikin bakin kowane yaro, ba sai an sayo ba. Abin da yaron ya rasa shi ne sanin cewa maganar da yake yi tana bin tsari, kuma shi da kansa yana kiyaye wannan tsari ba tare da ya lura ba. Aikin malamin gwaji shi ne ya sa shi ya lura.

3.0 Tushen Dabarar

Dabarar da ake magana a kanta tana da tushe a ayyukan masana ilimi. David Ausubel ya bayyana a 1968 cewa babu abin da ya fi tasiri a kan koyo kamar abin da mai koyo ya riga ya sani, don haka wajibi ne malami ya fara gano shi kafin ya ɗora. Paulo Freire na ƙasar Barazil ya soki irin koyarwar da ke ɗaukar ɗalibi tamkar asusun banki da ake zuba wa ajiya. Lee Shulman kuma ya nuna a 1986 cewa sanin darasi daban, sanin yadda za a sarrafa shi har yaro ya gane daban, kuma na biyun ne sanin da ya keɓanta ga malami.

Tarihin karatun boko a ƙasar Hausa ma yana da nasa misalin. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a ƙarshen shekarun 1930, an shirya shi ne domin ya zama littafin karatu a makarantu. Labarai da yawa a cikinsa daga wasu ƙasashe aka samo su, amma marubucin ya mayar da su gidan Bahaushe, da fada da kasuwa da sunayen da yaro ya sani. Tun a lokacin an fahimci cewa baƙon abu ya fi shiga idan ya biyo ta ƙofar da aka sani.

A taƙaice, dabarar tana da matakai huɗu. Malami ya kawo misali daga rayuwar ɗalibai wanda ke ɗauke da wata sarƙaƙiya. Ɗalibai su yi ƙoƙarin warware ta. Malami ya taimaka musu su faɗi ƙa'idar da bakinsu, sannan ya ba ta sunan da masana suka sanya mata. Daga ƙarshe a ba su sabon aikin da zai nuna ko ƙa'idar ta zauna.

4.0 Dabarar a Aikace

4.1 Ƙa'idojin Rubutu

A ɗauka an ba malamin gwaji minti 40 ya koyar da raba kalmomi da haɗa su. Maimakon ya fara da jero dokoki, sai ya rubuta jimla ɗaya a allo kamar yadda ake yawan ganin irinta a saƙonnin waya: "Ya bata kudi a kasuwa." Ya nemi ɗalibai uku su karanta, kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Da wuya a rasa wanda zai ce an ba wata mace kuɗi, da wanda zai ce an yi asarar kuɗi. Sai malamin ya tambaya: idan mahaifinka ne ya sami wannan saƙo game da yayanka, hankalinsa zai kwanta ko zai tashi? A nan aji zai ga cewa tazara ɗaya da ƙugiya ɗaya su ne tsakanin "ya ba ta kuɗi" da "ya ɓata kuɗi". Idan ya ƙara da "bata zo ba", za su ga rubutun guda ya ɗauki fuska ta uku.

Minti goma na gaba, malamin ya raba jimloli a kan guntayen kwali, kowane benci ya sami uku, ya ce su gyara su yadda mai karatu ba zai ruɗe ba. Jimlolin su ƙunshi irin su "motar sa", "gidan su", "ya gansu", "na ganta". Idan benci biyu suka saɓa, a rubuta amsoshinsu duka a allo, a bar su su kare kansu. Daga wannan muhawara malamin zai jawo su zuwa ga ƙa'idar: gajeriyar mallaka tana manne da sunan da ta biyo, kamar motarsa da gidansu, wakilin suna karɓau kuwa yana tsayawa shi kaɗai bayan aikatau, kamar ya gan su, na gan ta. Sai a lokacin ne za a rubuta dokar a kwafa, kuma layi biyu sun isa.

Jingar da ta dace da wannan darasi ita ce kowane ɗalibi ya kwafo rubutun Hausa guda uku daga allunan shaguna ko jikin motoci da kekuna masu ƙafa uku a unguwarsu, ya nuna wanda ya bi ƙa'ida da wanda ya kauce. Yaron da ya yi wannan aiki sau ɗaya zai ci gaba da yin sa a hanyarsa ta zuwa makaranta ko ba a sa shi ba.

4.2 Karin Sauti da Tsayin Wasali

Wannan fanni yana cikin waɗanda suka fi ba ɗalibai wuya, saboda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali. Malamin gwaji yana iya rubuta kalmar "fara" ita kaɗai, ya ce kowane benci ya sa ta a jimla. Wani zai kawo farar riga, wani zai kawo soyayyar fara, wani kuma fara aiki. Sai ya sa su maimaita kalmar a hankali, suna ɗaga hannu inda murya ta hau, suna saukewa inda ta sauka. Za su ji cewa ta launi sama-sama ce da gajeren wasalin farko, ta ƙwaro ƙasa-sama ce, ta soma aiki kuwa sama-ƙasa. Haka kuka na hawaye yake sama-sama, kuka ta miya kuma sama-ƙasa. Gari na zama da gari na tuwo kuwa karinsu ɗaya, tsayin wasalin farko ne ya raba su.

Abin lura a nan shi ne babu yaron da ya taɓa kuskuren waɗannan kalmomi a magana. Idan malamin ya nuna musu haka, ya tabbatar musu cewa kunnensu ya riga ya san darasin, abin da ya rage shi ne alamomin da ake rubuta shi da su. Ɗalibin da ya ji haka yakan karɓi alamomin da sauƙi fiye da wanda aka fara tsoratarwa da su.

4.3 Karin Magana

Kuskuren da aka fi yi a darasin adabin baka shi ne a ba ɗalibai jerin karin magana ashirin su haddace. Malamin gwaji yana iya sa kowane ɗalibi ya zo da guda ɗaya da ya ji a gida, tare da bayanin wanda ya faɗa da abin da ya faru har aka faɗa. Wannan sharaɗi na biyu shi ne darasin, domin karin magana ba ta cika ma'ana sai a muhallinta.

Akwai kuma buƙatar malamin ya lura da kalmomin da rayuwar birni ta nisanta yara da su. Yaro yana iya faɗin "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" alhali bai taɓa ganin jinka ba. Idan aka zana masa ɗakin ciyawa, aka bayyana yadda ake haɗa rufin a ƙasa sannan mutane su taru su ɗaga shi su ɗora, maganar za ta zame masa hoto. Daga nan ana iya tambayar aji wane aiki ne a unguwarsu yau ya yi kama da ɗaukar jinka. Amsoshinsu su ne za su nuna ko sun fahimci hikimar ko lafazin kawai suka riƙe.

4.4 Karin Harshe

Fara darasi da maganar ɗalibai yana nufin karin harshensu zai shigo aji. Ɗalibin Sakkwato zai ce zamna da biyat da ɗiya, ya yi amfani da na da ta a gurbin dirkar ne da ce. A wasu sassan Zazzau da Bauchi za a ji ne ta biyo bayan sunan mace. Malamin gwajin da ya yi wa irin wannan dariya, ko ya bari aji ya yi, ya rufe bakin yaron har ƙarshen zango. Abin da ya fi shi ne ya ja layi a allo, ya rubuta yadda ake faɗa a gida a gefe guda, yadda Daidaitacciyar Hausa take rubutawa a ɗaya gefen, ya bayyana cewa an daidaita ta ne domin littafi ɗaya ya karantu ko'ina, kuma ita ake nema a jarrabawa. Da haka bambancin da zai jawo kunya ya koma kayan darasi.

5.0 Tambaya da Jira a Cikin Cunkoso

Dabarar gaba ɗaya ta dogara ne a kan ɗalibai su yi magana, kuma wannan ba ya samuwa da sauƙi. Tarbiyyar gida ta koya wa yaro kunya da kawaici a gaban babba, 'yan mata ma sun fi ja da baya a ajin da aka haɗa. Tambayar "kun gane?" ba ta buɗe bakin kowa, domin amsarta ɗaya ce. Tambayar da ke aiki ita ce wadda ke neman ɗalibi ya zaɓa tsakanin abu biyu ya faɗi dalili, ko ya kawo nasa misalin.

Bayan tambaya sai jira. Mary Budd Rowe ta gano a binciken da ta yi a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kawai bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Malamin gwaji ya fi kowa buƙatar wannan darasi, domin shirun aji yana firgita shi, sai ya amsa tambayarsa da kansa.

Cunkoso kuma gaskiya ne da ba a iya kau da kai daga gare shi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ƙayyade adadin ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe a sakandare, amma makarantun gwamnati da yawa a birane sun zarce haka nesa, kuma Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Inda babu sararin juya kujeru, benci shi ne rukuni: mutum uku ko huɗu su tattauna na minti biyu, ɗaya ya faɗi matsayarsu. Makarantar allo ta daɗe da irin wannan tsari, inda gardi yake biya wa ƙolo karatu, malam yana sa ido. Ɗalibai sun san shi, ba baƙo ba ne gare su.

6.0 Iyakokin Dabarar

Dabarar tana da haɗarin da ya kamata a faɗa. Na farko, jan hankali yana iya rikiɗewa ya zama nishaɗi kawai. Ajin da ya yi ta dariya na minti 40 amma ya fita bai iya raba "ba ta" da "ɓata" ba, bai yi darasi ba. Ma'aunin shi ne mintoci biyar na ƙarshe, inda kowane ɗalibi zai rubuta amsar tambaya biyu shi kaɗai, malamin ya karɓa ya duba kafin darasi na gaba.

Na biyu, dabarar tana cin lokaci, manhaja kuma tana da faɗi. Malamin aji na dindindin yana iya matsa wa malamin gwaji ya gama jadawalin zango. Mafita ita ce a zaɓi batutuwan da suka fi ruɗa ɗalibai a bi da su ta wannan hanya, a kuma shawarci malamin ajin tun farko.

Na uku, malamin gwaji yana koyarwa ne da sanin cewa za a ba shi maki. Idan mai dubawa ya ɗauki shirun aji a matsayin iya riƙe aji, ya kuma nemi ganin ma'ana a layin farko na tsarin darasi, to ɗalibin da ya bi wannan hanya zai yi asarar maki, na bayansa kuma za su ɗauki darasi daga abin da ya same shi. Saboda haka gyaran yana wuyan sassan Hausa da na ilimi tare. Ya kamata takardar auna malamin gwaji ta tanadi gurbin da zai nuna ɗalibai nawa suka yi magana, daga ina misalai suka fito, da kuma abin da suka iya yi a ƙarshen darasi wanda ba su iya ba a farkonsa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa sanin da ɗalibai suka yi wa Hausa, wanda kan jawo wa darasin raini, shi ne kuma kayan aikin da malamin gwaji ya fi samu a sauƙaƙe. An kawo misalai daga ƙa'idojin rubutu da tsarin sauti da adabin baka da karin harshe domin nuna yadda ake tashi daga misali a isa ga ƙa'ida, ba tare da buƙatar wani abu da ya wuce alli da kwali ba. An kuma nuna cewa nasarar dabarar ta rataya a kan irin tambayar da ake yi, da haƙurin jiran amsa, da abin da mai dubawa yake ba maki. Akwai buƙatar masu bincike su shiga ajujuwan gwajin koyarwa su kwatanta sakamakon wannan hanya da na wadda aka saba, musamman a garuruwan da Hausa take harshe na biyu ga ɗalibai da yawa, inda abin da yaro ya shigo da shi aji ya sha bamban da wanda aka bayyana a nan.